Ranar da na ƙi cin tuwon Kawu a Manfuha

Shekarun baya, zamanin da arzikin mai ya buɗe wa Saudiyya, ina saurayi ina karatu a Riyad. Garin a lokacin bai san zama ba. Layin da ka bi watan jiya yana cike da gidajen ƙasa, sai ka dawo ka tarar an rushe rabinsa, katafila na kai da kawo, 'yan Yaman da 'yan Pakistan suna ta zuba kankare. Mu ɗalibai babu abin da muka rasa. Ga ɗaki, ga littattafai, ga shinkafa da kaza kullum. To amma jama'a, wanda ya tashi da tuwo ya san shinkafa da kaza abincin biki ne, kuma ba a jure biki kullum. Kafin in cika shekara na fara mafarkin miyar kuka.

Wanda ya cece ni shi ne Kawu. Ba ƙanen mahaifiyata ba ne na jini, garinsu ɗaya ne kawai, amma ranar da na fara gaishe shi na ambaci gidan su mahaifiyata, sai ya ce, "Ashe ɗana ne. Daga yau Juma'arka a gidan nan take." Direban tifa ne, dattijo mai faɗin ƙirji da babbar murya. Yana zaune a unguwar Manfuha da matarsa, wadda duk muke kira Inna, da 'yar autarsu. Manyan 'ya'yansa suna can gida da iyalansu. Autar nan da tsufa Allah ya ba shi ita, a Riyad aka haife ta, kuma in dai ba ya kan mota to tana kan cinyarsa. Inna kuwa, duk wanda zai taho daga gida sai ta san yadda ta yi kuka da daddawa suka biyo jakarsa. Ran Juma'a in an sauko daga masallaci, nakan kama hanyar Manfuha da irin saurin da ban taɓa yi ba a hanyar aji.

Kawu ne shugaban ƙungiyar Hausawan unguwar, 'yan Najeriya da 'yan Nijar, direbobi da magina da teloli, da mu ɗalibai 'yan rakiya. Mukan taru bayan La'asar a tsakar gidan wani tela. Wata rana maganar yara ta taso. 'Ya'yan mutanenmu sun cika lungu, daga safe har yamma suna buga ƙwallo da gwangwani, alhali makarantar gwamnati a buɗe take ga duk yaron da ubansa yake da iƙama, wato takardar zama. Wasu iyayen aiki ne ya sha musu kai. Wasu kuwa, kuma su suka fi yawa, da zarar sun ji hukuma za ta san sunan ɗansu sai gabansu ya faɗi.

Abokina, ɗalibi ɗan Nijar, shi ya fara tashi. Ya ce, "Ni da kuke gani, kamo ni anka yi. Zamanin Faransa sojan kumandan sunka zo garinmu neman yaran lakwal, makarantar boko ke nan, sunka same ni bayan awaki. Uwata ta yi kuka kamar an ce mata na mutu. Amma wallahi da ba a kamo ni ba, da yanzu ina can bayan awakin. A yi doka, kowa ya kai ɗansa."

Aka yi dariya, aka ɗan yi gardama. Sai Kawu ya gyara murya, kowa ya yi shiru.

"A wajenmu ma an yi," in ji shi. "Bature ya ce wa hakimi, hakimi ya ce wa mai gari, a kawo yara elementare. Mai gari ya ɓoye nasa a rumbu, ya sa dogari ya kwaso na talakawa. Da Turawa suka kusa tafiya, aka ce an gyara, za a riƙa turo mai dubawa daga lardi, wanda hakimi bai isa ya taɓa shi ba. Muka ce madalla, yau asirin mai gari zai tonu. Mutumin ya zo. A ina ya sauka? Gidan mai gari. Aka yanka masa rago, ya ci, ya sha fura, ya yi gyatsa, ya hau kekensa ya ce komai lafiya. To ni ba zan shugabanci irin wannan ba. In za a yi doka, ta hau kan kowa. A naɗa mai sa ido wanda ba ya cikin shugabanni, kuma kada ya ci komai a gidan da bai gama dubawa ba. Ko ruwa."

Wurin ya kaure da kabbara. Da aka zo neman wanda za a naɗa, sai idanu suka dawo kaina. Ba ni da kafili, wato ubangidan aiki, da wani zai kai ƙarata wurinsa, ba ni da shago, ba na neman 'yar kowa. Na miƙe na gyara hula na yi godiya da dogon jawabi, har da Larabci. Ranar ji nake kamar an naɗa ni alƙalin alƙalai.

Muna hanyar komawa abokina ya dube ni ya ce, "Ranka ya daɗe mai sa ido, ka dai san gidan Kawu ma gida ne?"

Na tsaya cak a tsakiyar titi. Wallahi sai a lokacin na tuna da Auta, wadda ta isa makaranta sarai, na kuma tuna da tuwo.

Na fara zagaye. Abin da ban zata ba, wahalar aikin ba ta wajen yara take ba, tana wajen ƙin abinci. Ka shiga gidan Bahaushe a baƙuwar ƙasa, ya zuba maka gahawa, ya ajiye dabino, ka ce ka ƙoshi? Wani magini ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Ustazu, guba na zuba ne?" Na yi ta rantse-rantse ina ba da labarin mai keke. Wata tsohuwa ta biyo ni har ƙofa da ƙosai a leda, tana cewa in ci a waje, ai waje ba gida ba ne. Duk da haka aikin ya tafi. Nakan raka uba da ɗansa makaranta in yi musu tafinta da Larabcina na littafi, ma'aikatan suna dariya wai ina magana kamar mai huɗuba. Lungu ya fara yin shiru da hantsi, kuma na ji daɗin hakan ƙwarai.

Gidan Kawu na bari a ƙarshe. Ina ta fatan wata safiya in ji labari ya kai ta da kansa, in huta. Juma'a ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ina cin wake da gurasa a shagon wani ɗan Yaman, abokina yana zaune gabana yana lissafo mini kayan miyar Inna don mugunta. Labarin bai zo ba. Abin da ya zo shi ne wani direba da ya tare ni a bakin masallaci. Shi ma da ƙyar ya yarda ya kai 'yarsa. Ya ce, "Matanmu sun ce ta shugaba tana gida. In haka ne, ni ma ranar Asabar tawa ba za ta je ba, kuma ba ni kaɗai ba." A can kuwa Asabar ce farkon makon makaranta. Nan na gane ba maganar yarinya ɗaya ba ce. In Auta ta zauna, sauran ma za su dawo lungu.

Juma'ar da ta biyo na tafi. Kawu ya tarbe ni da fara'a har ta yi yawa.

"Ɗan nan, ka guje mu! Shigo, shigo. Hajiya, ga ɗanki ya tuna da mu."

Muka gaisa. Na ce, "Kawu, aiki ne ya kawo ni. Ina Auta?"

Ya ce, "Ayya, ka makara. Tana Makka wurin gwaggonta. Sai ta kwana biyu."

Kafin in ce wani abu aka turo kwanuka ta ƙarƙashin labule. Kawu ya buɗe da hannunsa. Tuwon shinkafa ne, miyar kuka ta ji man shanu da busasshen kifi. Tururin ya doki fuskata, cikina ya yi ƙara, har Kawu ya ji ya yi murmushi. Ni kuwa na ɗora hannuwana a gwiwa na danne su, don ban yarda da su ba.

Sai muka ji muryar Inna daga ciki, a natse, kamar ba komai: "Auta, sauko daga saman nan ki kai wa yayanki ruwan wanke hannu."

Kawu ya zabura. "Hajiya!"

"Au, yi haƙuri Alhaji," in ji ta. "Na manta tana Makka."

Sai ga Auta da buta a hannu, gashinta duk audugar katifa, don a cikin katifun da ake kwana a kansu a saman soro lokacin zafi aka ɓoye ta. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta raɗa mini da ƙarfi, "Yaya, Baba ya ce yau ina Makka."

Na yi iya ƙoƙarina kada in yi dariya. Kawu ya sallame ta, ya daɗe yana kallon tabarma. Da ya ɗago, babbar muryar nan ta yi ƙasa.

"Ran nan a taro ban faɗi duka ba. Cikin yaran da dogari ya kwasa akwai ƙanena. Daga elementare aka wuce da shi midil, daga nan sai birni. Ya dawo da wando da takalmi, yana gaishe da mahaifinmu a tsaye. Bai mutu ba, yana nan da ransa, babban mutum ne. Amma mahaifiyarmu ba ta sake samunsa ba har ta koma ga Allah. Yanzu dubi yaran da ka kai. Uba yana yi musu Hausa suna amsa masa da Larabci. Ni wannan ita kaɗai gare ni a ƙasar nan. In na dawo daga aiki ita ke ba ni labari." Ya turo kwanon gabana. "Ci tuwonka. A taro ka ce an gama. Baɗi in Allah ya kai mu, ni da kaina zan kai ta."

Tausayinsa ya kama ni sosai. Mutumin nan ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa, bai taɓa neman komai a wurina ba sai yau. Kuma na san in na ce a'a, mai yiwuwa ƙafata da gidan nan ke nan, kuma labari zai kai wa mahaifiyata cewa na ci mutuncin ɗan garinsu a bainar jama'a. Amma na san baɗin nan ba za ta zo ba.

Na ce, "Kawu, kai ka ce ko ruwa."

"Wannan a gidajen mutane ne. Nan gidanku ne."

"To in na ci, Kawu, me ya raba ni da mai keke?"

Ya kalle ni kallon da har yau ban manta ba. Ya ce, "Tashi ka ba ni wuri." Na tashi. Har na kai bakin layi ƙamshin miyar nan yana bina.

Da La'asar aka taru a gidan tela. Aka ce mai sa ido ya yi bayani. Wannan karon babu gyaran hula, babu Larabci. Na miƙe na ce, "Alhamdu lillahi, kowa ya kai. Gida ɗaya ya rage." Sannan na ƙara da cewa, "Gidan shugaba."

Wani dattijo ya ce, "Kai yaro, ba a haka. Irin wannan a gefe ake yi." Wani ya ce ai shugaba ya fi kowa sanin abin da yake yi. Direban nan kuwa ya harɗe hannu yana jira. Ni dai ƙasa nake kallo, ina tunanin ta wace ƙofa zan fita.

Kawu ya ce, "Ku ƙyale shi." Ya numfasa. "Yaron nan ba shi da kunya ko kaɗan. Na ajiye masa tuwo da man shanu ya tashi ya bar shi. To amma marar kunyar muka nema, ko ba haka muka ce ba? Gaskiya ya faɗa. Na ɓoye ta, kuma a cikin katifa, don ban sami rumbu ba." Aka fashe da dariya, har direban. Shi bai yi ba. Bai ko kalle ni ba ya ce, "Ranar Asabar da safe ka zo. Kai za ka yi Larabcin."

Asabar da sassafe na isa. Na tarar da tifa a ƙofar gida cike da yashi, don daga makaranta zai wuce wurin gini. Auta ta sha sabuwar rigar makaranta da Inna ta riga ta sa tela ya ɗinka tun tuni ba da sanin kowa ba, tana ta tsalle. Sai ga Kawu ya fito rungume da ƙaton ƙunshi a zane. Inna tana bayan ƙofa tana dariya har da tari.

"Alhaji, da Azahar fa za ta dawo."

"Na sani," in ji shi. "Ba a kai yaro makaranta babu guzuri. Haka aka yi wa ƙanena."

Muka hau gaba mu uku. A hanya yana ta yi mata wasiyya: kada ta yi kuka, in an doke ta ta yi haƙuri, ta riƙa tunawa da iyayenta. Ita kuwa hankalinta yana kan taga. Muka tsaya da tifar yashi a ƙofar makarantar 'yan mata, tsakanin ƙananan motoci, kowa yana kallonmu. Namiji ba ya wuce ƙofar, sai dai a yi magana da mai gadi, wani tsoho mai jan gemu, shi kuma ya miƙa wa matarsa da ke aiki a ciki. Na yi bayani, na ba da takardu, ya ce babu matsala. Sai ya hango ƙunshin. Ya sa aka kwance. Ga dambun nama, ga ƙuli-ƙuli, ga dabino, ga ƙaramin bargo, ga buta.

Tsohon ya dubi Kawu ya ce da Larabci, "Ya Hajji, ina za ta yi tafiya?"

Na fassara. Kawu ya ce in gaya masa nan za ta. Tsohon ya yi dariya har gemunsa na rawa, ya ɗauki dabino kaɗan ya zuba mata a aljihu, ya maido mana da sauran. Kawu ya tsuguna ya buɗe hannuwa, ya shirya tsaf don kukan rabuwa. Auta ta hango wata 'yar layinsu a ciki, ta ƙwala mata kira, ta ruga a guje.

Ya daɗe a tsugune. Sannan ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, ya ce, "Ka gani? Ko waiwaye."

Na ɗauka zai wuce da yashinsa. Ina! Ya gyara tifar a gefen titi, ya shimfiɗa bargon a inuwarta, ya zauna yana fuskantar ƙofa. Na ce, "Kawu, masu gini fa?" Ya ce, "Yashi ba ya ruɓewa." Na zauna nesa kaɗan, don ban san matsayina ba. Can sai ya jawo ƙunshin, ya buɗe dambun, ya ce, "Ranka ya daɗe mai sa ido, an gama binciken gidana?" Na ce an gama. Ya ce, "To matso, kafin ka mutu a hannuna a ce ni ne." Na matso. Ban san lokacin da na ga ƙasan kwanon ba.

Muna nan har aka tashi. Mai gadi yana kiran sunan iyaye da lasifika, yara suna fitowa. Da ta fito ta haye jikinsa tana zuba labari ba numfashi, malama ta ce kaza, wata yarinya ta yi kaza. Yana ta cewa "To, to," idonsa ya cika da ruwa, yana ɗora laifin a kan yashi.

Tsoron Kawu ba na banza ba ne, wannan dole in faɗa. Da shekaru suka tafi Larabcinta ya rinjayi Hausarta, akwai ranakun da yakan yi mata magana ta tsaya neman kalma, in ga abin ya sosa masa rai. Amma bai rasa ta ba. Ita ta riƙe shi da tsufa, ita take shiga da shi wurin likita ta yi bayani, kuma yaran lungun nan babu wanda aka cire daga makaranta.

Daga baya na yi aiki a wurare da dama, na ga dokoki masu kyau a bakin manya, na ga masu dubawa da ake tarba da rago iri-iri. Abin da na koya a Manfuha shi ne, doka ba ta zama doka sai ta iya shiga gidan wanda ya kafa ta, kuma wanda zai shigar da ita dole ya iya tashi ya bar kwano a buɗe. Nawa ɓangaren mai sauƙi ne, yunwar 'yan makonni ce. Na Kawu ne mai nauyi. Da kalma ɗaya zai iya sa a tsige ni ranar, dattawa ma sun ba shi hanya. Bai bi ba, ya ba da abin da ya fi so a duniya don maganar da ya faɗa da bakinsa. Ya daɗe da rasuwa. Har yau in na tuna shi zaune a inuwar tifa, yana leƙen ƙofar da aka hana shi shiga, sai dariya da ƙwalla su zo mini tare. Allah ya ji ƙan Kawu, ya sa ya huta.